Yadda Baba Agali Ya Rubuta Ni Cikin Iyaye Mata

Duk wanda ya san Baba Agali a Akokan ya san ba ya gaisawa da yaro sai ya buɗe masa baki. Ya tsuguna, ya kama haɓa, ya leƙa haƙora, sannan ya tambayi suna. Cikin raƙuma ya tashi a duwatsun Ayar kafin a kai shi lekol, makarantar boko. Da aka ba shi aikin rubuta 'ya'yan talakawa a biro, wato ofishin tallafi, waɗanda gwamnati ke biya wa kuɗin gidan reno da kunun safe, sai ya taho da sana'ar gidansu. Yana cewa takarda mutum ke rubuta ta, haƙori kuwa ba a saye a wajen sakatare. Cizon da ya sha a yatsa, Allah kaɗai ya san iyakarsa.

Kun tuna mai shagon nan da ya kawo ɗansa da takarda wai shekararsa huɗu? Baba ya leƙa, ya ga yaro ya gama famfara tun tuni. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Alhaji, wannan da raƙumi ne, da yanzu yana hanyar Bilma da kayan gishiri." Da la'asar kuma ya je shagon ya sayi sabulu, wai kada a ce gaba yake da mutum.

Sai babur ɗin biro. Baba ba ya yarda ya ƙona man gwamnati a banza. Yana hawa in zai je gidan mabukata, amma in zai dawo sai ya kashe ya tura, wai dawowa ba aiki ba ce. Ranar Arlit tana dukan rawaninsa, yana tafe yana turi. Na taɓa ce masa ya bar babur ɗin a gida mana. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce to wa zai riƙe masa jakar takardu?

Ni dai ba mai dogon karatu ba ne, nawa zan faɗa. Shekarar da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan na rasa aiki, bayan 'yan watanni Mariama matata ta rasu, ta bar mini Dije tana da shekara biyu. Na samu dako a tashar kamyoyi, manyan motocin kaya masu zuwa Assamakka, amma ba inda zan bar yarinya. Yayata ta aiko daga Maradi cewa in sa ta mota a kawo mata. Na san in Dije ta tafi, sai dai in riƙa ganin ta shekara-shekara, ta girma tana ce mini baƙo. Ban yarda ba, ban kuma san yadda zan yi ba.

Baba ya zo da kansa, ba wanda ya kira shi. Ya fito da takarda ya cike, sai muka tsaya a wuri guda: tallafin nan uwa ake rubuta wa, babu layin uba ko ɗaya. Ya tambaye ni wa ke mata wanka, wa ke dafa mata, wa ke wanke mata kashi. Na ce duk ni ne. Ya ce, "To ɗan Maradi, kai ne uwar." Ya rubuta sunana, Hamisu, a layin uwa.

Shef ɗinsu, shugaban biron, ya mayar da dosiye, wato takarduna. Ya ce a ari sunan wata maƙwabciya kawai, kowa haka yake yi. Wallahi ni na yarda, gajiya ta ishe ni. Baba ne ya ƙi, ya ce shi bai taɓa rubuta uwar aro ba, ba kuma zai fara a kan marainiya ba. Kullum da safe sai ya ɗora dosiyen bisa teburin shef, da rana a mayar masa, gobe ya sake. Shef ya taɓa kulle dosiyen a kabad don ya huta. Baba ya cike sabo.

Ni kuwa ya sa ni gaba. Ya ce tunda uwa ce ni, dole in halarci taron iyaye mata na ranar Laraba, inda ake auna yara ana koyar da damun kunu. Ni da na yi shekaru ina fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa, ga ni bisa tabarma tsakiyar mata da ludayi a hannu. Inna Tsahara, shugabarsu, ta riƙa tambayata yaushe zan yi lalle. Ranar da na ɓuya, Baba ya turo babur har tasha, ya tsaya gaban 'yan dako yana cewa mata na jirana. Ban sake fashi ba. Kafin a gama maganar dosiyen, matan nan su suka riƙa karɓar Dije bi da bi in na tafi dako, shi ya tsara musu.

Bayan wata uku wata babba ta zo duba aiki daga Agadez. Baba ya sa aka ɗaura mini Dije a baya da zane da majanyi, ya tura ni gaban layi. Matar ta dube ni sama da ƙasa. Ta tambayi nauyin yarinya, na faɗa. Ta tambayi allurar da ta rage, na faɗa. Ta juya wajen mata tana neman shaida. Inna Tsahara ta ce, "Kununsa da gudaji, kitsonsa kuwa abin a kai ƙara ne. Amma 'yar nan ba ta taɓa zuwa da datti ba." Matar ta sa hannu a tsaye. Baba bai yi murna ba, cewa ya yi goyona ya karkace.

Dije ta shiga gidan reno, ba ta je Maradi ba. Yanzu tana lekol, kullum a ɗakina take kwana, ni nake jin karatunta duk da ba na gane rabinsa.

Ranar da Baba ya rasu, mata suka cika ƙofar gidansa. Da aka ɗauko makara, Inna Tsahara ta tare ni. Ta ce su ba su zuwa maƙabarta, amma a cikinsu akwai mai zuwa. "Hamisu, je ka kama masa a madadinmu." Na kama, ban ba kowa wurina ba har bakin kabari.

Allah ya jiƙan Baba Agali. Yadda ya hana a raba ni da 'yata, Allah ya haɗa shi da nasa a inuwa mai sanyi. Amin.