Garken Hamma Ummaru Na Cikin Gilashi

Hamma Ummaru ɗan kawuna ne, ni 'yar goggonsa, don haka abin da na ga dama nake faɗa masa, shi ma haka. Wasan taubasai ne, gadonsa muka yi. In kun ji na zaƙe a kansa, kada ku ce Kulu ba ta da kunya.

A Wurma aka haife shi, a bayan saniya ya girma. Boko bai gan shi ba, allon ma sai da aka kai ruwa rana. Amma dabba, ko daga nesa ya hango ta zai gaya maka abin da ke damun ta. Ranar kasuwar Kurfi har rububinsa ake yi, wannan ya ja shi ya duba masa haƙoran bijimi, wancan ya ja shi ya taɓa masa ƙirjin rago, shi kuwa yana tafe yana hura hanci kamar shi ya haife su. Babban tinƙahonsa, wai dabba ba ta taɓa mutuwa a hannunsa don sakaci ba. Abin haushin kuma, gaskiya yake faɗa.

Da daji ya lalace, gwiwa kuma ta ƙi, 'yarsa Hafiza, wadda ke aikin jinya a nan Dutsin-Ma, ta sa aka sayar da 'yan shanun da suka rage, ta ɗauko shi. Gidan haya ne, tsakar gida shafe da siminti, mai gidan ya ce ko kaza bai yarda ba. Cikin wata huɗu Hamma ya zama abin tausayi. Ya rage ci, ya daina faɗa. Na je na tsokane shi son raina, sai ya ce min, "Allah ya ba ki haƙuri." Ran nan na koma gida hankalina a tashe.

Hafiza ce ta kawo dabara. Ta sayo akwatin gilashi na kiwon kifin ado, da ɗan injin da ke hura iska a ruwa. Ta ce, "Baffa, tunda an hana mu mai ƙafa huɗu, ga wanda bai da ƙafa ko ɗaya." Ta zuba ruwa ta bar shi ya yi kwanaki, yadda mai shagon ya ce. Ranar zaɓen kifi tana da aiki, sai aka haɗa ni da shi.

Mai shagon, Malam Mutawakkil, mutum ne mai sanyin hali. Ya nuna mana wasu 'yan mitsi-mitsi masu jela kala-kala, ya ce gufi ake ce musu.

"Baba, wanda bai taɓa kiwo ba, da waɗanga yake farawa. Suna da jimiri, ba su da tsirfa. Abinci kau ɗan abin da yatsa biyu suka tsinta ya ishe su."

Hamma ya dube shi sama da ƙasa. "Wanda bai taɓa mi ba? Ɗana, ina kiwo tun ba a san za a yi ka ba. Waɗanga ko a miya aka sa su sai an kunna fitila."

Ya zagaya ya tsaya gaban wasu jajaye masu tumbi da idanu a waje, suna juyi da ƙyar kamar waɗanda suka taso daga walima. Ya ce a dabba ƙirji da ciki ake dubawa. Malam Mutawakkil ya ce waɗannan suna saurin ɓata ruwa, kuma akwatinmu ya yi musu kaɗan. Hamma ya ce a sa masa huɗu.

Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Abincin da aka ba shi cikin 'yar roba ya ce rowa ce tsagwaronta. Ya samo dusa, ya daka kanwa ya barbaɗa, yadda ake yi wa ragon layya, yana ɗura musu safe da rana da yamma. Hafiza ta yi magana, ya ce ta je ta ji da alluranta. Kwana biyu ruwan ya koma kunun kanwa. A na uku duk huɗun suka juya ciki sama.

Na same shi zaune a gabansu. Na ce, "Sarkin kiwo, a kawo mai da yaji ne, ko sutura za a yi masu?"

Bai ko murmusa ba. Ya ce, "Kulu, hannuna ya mutu. Ni na kashe su." Ya shiga ɗaki ya kwanta, ya ba ƙofa baya. Na ji kunyar bakina, abin da ban saba ba. Tsoro kuma ya kama ni, don irin su Hamma in suka yarda sun ƙare, ba sa daɗewa.

Kwana biyar yana kwance. Ni ban iya lallashi ba, ban kuma ga amfanin koya da tsufana ba. Na tsaya bakin ƙofarsa na ce, "To ka yi ta kwanciya. Ran kasuwa zan shiga mota in tai Kurfi, in tsaya tsakiyar kara in shaida masu kihi huɗu sun ka da Ummaru." Washegari da hantsi ya ɗauki sandarsa, ya ce in wuce mu je.

Wannan karon har da gaisuwa ya yi wa mai shagon. Ya nemi kujera, ya zauna gaban 'yan mitsi-mitsin da ya rena, yana ƙare musu kallo har aka kusa kiran azahar. Sannan ya ce a zuba musu abinci ya gani.

"Waccan da ta ware gefe, ban so. Wancan ya naɗe jela, bai da lahiya. Wagga da ke rugowa abinci, kamo mani ita."

Shida ya zaɓa, maza biyu mata huɗu, wai garke ba ya zama lafiya in bijimai sun yi yawa. Malam Mutawakkil ya riƙe baki ya ce wallahi haka aka koya musu. Hamma ya ce to sun samu malamin kirki. Amma na lura, da aka zo bayanin abinci da yadda ake rage ruwa a ƙara sabo kowane mako, ya kasa kunne har yana cewa a maimaita.

Riƙe hannu shi ya fi ba shi wuya. Sai ya tsinci abincin da yatsa biyu ya watsa, yana neman gafarar Allah a kan rowa. Ba a yi wata biyu ba ya ce ɗaya ta yi nauyi, ya ware ta a roba. Da ta haihu, ya ga 'ya'ya ne masu rai ba ƙwai ba, sai da maƙwabta suka ji kabbararsa. Da ya ga kuma tana bin su za ta haɗiye, ya cire ta yana yi mata faɗan rashin tarbiyya. Tuwo ya dawo ci, ni kuma ya dawo zagina.

Wata rana da la'asar ina dama fura sai ga shi a ƙofata, ya tako da gwiwar nan tasa, rungume da kwalba. A ciki 'yar kifi ce guda, mace, mai jela ruwan goro. A wajenmu, mai garke yakan ba ɗan'uwa karsana ya riƙe, 'ya'yan da ta haifa na ɗan'uwan ne, uwar ta koma gida. Wanda ya tsaya da ƙafarsa ne kaɗai ke yin wannan kyauta. Ni tun rasuwar mijina ba wanda ya yi min ita.

Ya ce, "Ungo. Ta riga ta ɗauki ciki. In ta haihu sau ukku ki maido mani uwar."

Na karɓa da hannu biyu, yadda ake karɓar igiya. Na buɗe baki in ce masa wani abu mai zafi, sai hawaye suka riga ni. Na ce ya zauna ya sha fura.

Ya ce ba hali, ya baro garke ba kowa.