Muzurun Atiku Mai Launi Uku

Duk wanda ya ci tsire a tashar Jega shekarun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ya san Atiku mahauci, ya kuma san inda ke masa ƙaiƙayi: 'ya'yansa shida duk mata ne, kyanwoyinsa ma haka.

Taubashinsa Mamuda, direban Maiyama mai garken 'ya'ya maza, shi ya ƙulla tsiyar. Ya ce gidan Atiku ko kyanwa ba ta yarda ta zo namiji. Atiku ya ci alwashi gaban mahauta sai ya kawo muzuru, kuma mai launi uku irin na gidansa, fari da ja da baƙi.

Ya nema a Aliero, ya nema a Liba. Yana ɗauko 'yan kyanwa tun ido bai buɗe ba, ya laƙaba musu suna mai nauyi. Barde ta haihu cikin kwandon albasa. Sarkin Yaƙi kuwa cikin hularsa ta sallah ta juye nata. Kasuwa ta yi dariya, shi ma ya taya, amma ta ciki na ciki. Gani yake in ya kau, jinin gidansu ya ƙare ke nan.

Da babbar 'yarsa Umaima ta zo hutu daga jami'a, ta ce ya hutar da takalminsa. Ta ce akwai wani zaren gado, mace na da biyu, na uwa da na uba, namiji ɗaya tak. A kowane lungu na jikin mace akan naɗe ɗaya tamau kamar zare a mazari, ya yi shiru, ɗayan ya yi aiki. Launin kyanwa a kan zaren nan yake, shi ya sa nan ja, can baƙi. Mai zare ɗaya da wuya ya haɗa biyun.

Atiku ya tambaye ta inda shi ya samo nasa zaren. Ta ce wurin Inna, mahaifiyarsa mai rasuwa. To wa ya ba?

"Mu ɗai, Baba. Ɗa namiji ba shi samu nai wurin uba."

Ya juya ya dubi autarsa tana murguɗa baki a kan tuwo, sak Inna. Sai da ya share ido.

Da safe Mamuda ya leƙo, ya tambayi labarin muzuru.

"Na hwasa," in ji Atiku, yana wasa wuƙa. "Inna tana nan gidana, har shida. Kai mai ɗiya maza, ina ka baro taka?"