Yadda na kushe ɗan farina a Dubai

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da babban ɗana. Kada ku jira sunansa daga bakina, ɗan fari ne, haka muka tashi muka ga iyayenmu na yi. Ƙwallon kwando ce ta kai mu Dubai. Yaron yana ajin ƙarshe a sakandare, jami'o'in Amurka kuma sun fara zawarcinsa. Ɗaya daga cikinsu ta turo kocinta wata gasar matasa a Dubai ɗin, aka ce in ya gamsu da shi, karatu kyauta ne har ya gama digiri.

A jirgi na sha dariya. Gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba, sai da ma'aikaciyar jirgin ta tausaya ta mayar da shi kusa da ƙofa. Muka ya da zango a Addis Ababa, sannan muka wuce. A Al Buteen muka sauka, wani ɗan otal kusa da bakin ruwa, inda gadon ma bai ɗauke shi ba. Na ja shi lungunan Naif neman takalmi, muka yi ta shiga muna fita cikin zafi, har wani mai shago ya dubi ƙafarsa ya ce, "Khalas, habibi," wato magana ta ƙare, ya nuna mana ƙofa. Shayin karak dai da araha, dirhami ɗaya. Farantin biryani kuwa ya ishi mutum biyu, in babu ɗana a cikinsu.

Wani abokina ɗan kasuwa da ke zaune a Abu Hail shi ya kai mu zauren wasan a motarsa. Nan kunyata ta fara. Ban taɓa zama na kalli wasan yaron nan daga farko zuwa ƙarshe ba sai ranar. Larabawa da Turawa suna miƙewa suna tafa masa, ni uban ina tambayar abokina yadda ake lissafin ci.

Da aka tashi, kocin ya nemi ganina. Turancina bai wuce na kago da kwantena ba, don haka yaron ne tafinta. Kocin ya ce wasa dai ya gani, yana so ya ji halinsa a gida. Ni kuwa na yi abin da kowane uba zai yi a unguwarmu in an yabi ɗansa. Na yi murmushi na ce, "Wannan? Ai ba abin da ya iya sai ci da barci. Sai dai ku yi haƙuri da shi."

Yaron ya sunkuyar da kai ya fassara, bai rage komai ba. Na ga fara'ar kocin ta ɗauke. Ya yi godiya ya tafi wajen wani yaro.

A mota abokina ya ce, "Alhaji, wallahi ka yi ɓarna. Mutanen nan ba su san kara ba, abin da uba ya faɗa shi ne final. Yalla, gobe ka koma ka gyara." Maimakon in ji, sai na juya na hau yaron da faɗa, wai me ya hana shi gyara maganar tunda shi ke da Turancin.

"Baba, na ɗauka haka kake ganina," in ji shi.

Muka koma otal. Ko abinci kasa ci na yi.

Washegari muka koma, ni da yaron da abokina, na tsaya a bakin zaure har kocin ya fito. Na ce jiya al'ada na yi, yau gaskiya zan faɗa. Na gaya masa yaron nan yana riga ladan tashi ya fita gudu, bai taɓa mayar mini da magana ba, kuma da kakarsa ta kwanta ciwo shi ke goya ta zuwa mota duk ranar asibiti. Yaron ya fara fassarawa, ya kai tsakiya, ya kasa ci gaba. Abokina ne ya ƙarasa. Kocin ya daɗe yana kallonmu, ya ba ni hannu ya ce za mu ji daga gare shi.

Muna filin jirgi za mu dawo saƙon ya shigo wayar yaron, sun ba shi gurbin. Na yi hamdala, na zaci magana ta ƙare. Sai da jirgi ya ɗaga ya matso ya tambaye ni a hankali, wai abin da na faɗa na biyun, gaskiya ne ko don kocin na faɗa.

Na juya ina kallon taga na ce masa gaskiya ne.

Mun iso Kano lafiya, gida ya cika da 'yan barka, kowa na cewa na iya tarbiyya. Ni dai na san abin da na koyo. Karar da nake taƙama da ita, ashe yaron bai taɓa jin ta a matsayin kara ba, gaskatawa yake yi tun yana ƙarami. Ya kusa tafiya wata uwa duniya yana ganin ubansa bai san darajarsa ba. Sunansa har yau ban iya kira ba. Amma jiya da maƙwabcina ya yabe shi a gabansa, na daure na ce, "Haka yake."