Aikin Yaya Mamuda da Ya Rasa Mai Riƙo

Shekara tara ke nan da ciwon ƙoda ya ɗauke mana yayana Mamuda a nan Haɗeja. Duk shekara in lokacin ya zagayo, nakan toya waina in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. 'Yarsa tilo ce ta zo mini da maganar goge aikin da ya bari a duniya, aikin da ni, malamar firamare da ba ta san komai a kwamfuta ba sai buga sakamakon jarrabawa, na shekara tara ina cika wa mutane baki da shi.

Mu Fulanin gari ne. Tun zamanin kakanmu aka rabu da shanu aka kama noma da kasuwa. Yaya Mamuda ya yi karatun kwamfuta a Kano, kowa ya sa ran zai zarce Legas ko Abuja, sai ga shi ya dawo gida ya buɗe shagon gyara a bayan kasuwa. Har ni sai da na ji haushi. Mutum ne marar surutu, domin ni na kwashe rabonsa tun muna yara. In na yi masa mita a kan ya binne kansa a garin da wuta ba ta zama, sai ya yi murmushi ya ci gaba da hura ƙura daga cikin inji.

Abin da ya tsayar da shi, kogi ne. Duk wanda ya taso a ƙasar nan ya san ruwanmu ba ya sallama. Ka kwanta shinkafarka tana tsaye, gari ya waye sai kan zangarniya kake hange. Yaya Mamuda ya samo wata tsohuwar na'urar raba intanet da aka yar, ya sake mata ciki, ya sa ta a akwatin ƙarfe, ya kafa a kan turke a bakin kogi ta wajen Guri. Aikinta ta riƙa auna ruwa, in ya fara hauhawa ta aika saƙo zuwa wayoyin shugabannin manoma. Da rani ta yi aiki tiryan-tiryan. Da damina ta kankama, lokacin da ake bukatarta, sai ta sandare. Ruwa ya ci gonakin mutanen da suka dogara da ita, har da ta ɗan baffanmu, akwatin yana rataye bai ce uffan ba. Babu wanda ya zarge shi a gabansa, amma na ga yadda yayana ya daina cin abinci da mutane.

Sai in yi wa mai karatu bayani yadda shi ya yi mini, domin ba a fahimtar baƙin cikina sai da shi. A cikin kowace irin wannan na'ura akwai uwar manhaja, masu harkar kwamfuta suna ce mata kanel, ita ke juya komai. Wadda ya yi amfani da ita ta kyauta ce, mutane daga ƙasashe daban-daban ne suke haɗa hannu suna rubuta ta. A cikinta akwai ƙananan ayyuka dubbai, wannan ya kira wancan, wancan ya kira na gaba. In inji ya sandare, sai an bi sawu an ga wanne ya kira wanne, a ina kuma tafiyar ta tsaya. Domin haka, lokacin da ake juya rubutun mutum zuwa harshen inji, ana sa wata 'yar alama a bakin kowane aiki, mai sanar da cewa an shigo. To amma in aka bar alamomin duka suna magana a lokaci ɗaya, injin rarrafe zai yi. Shi ya sa aka yi wata ƙaramar manhaja mai bin fayilolin da aka riga aka juya, ɗaya bayan ɗaya, kafin a harhaɗa su wuri guda. Tana nemo inda kowace alama take, ta rubuta wurin a jikin fayil ɗin. In inji ya tashi, kanel ta san mazaunin kowacce, sai ta rufe musu baki gaba ɗaya, ranar da aka shiga matsala ta buɗe wa waɗanda ake so kawai.

Da Yaya Mamuda ya ga na yi sororo, sai ya ce, “Ladi, kamar ajinki ne. Kin san kujerar kowa, kin ce a yi shiru, sannan ki nuna wanda zai yi magana.” Na ce masa to da haka ya fara, da bai ɓata mini yini ba.

Matsalar ita ce waccan ƙaramar manhaja ba ta san irin ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatinsa ba. Tsohon samfuri ce da masu kuɗi suka daina yayi. In ta shiga fayilolinsa sai ta ɗauki inda ba alama ba ta ce alama ce, injin ya ƙi tashi ma sam. Yaya Mamuda ya zauna ya koya mata karanta irin nasa. Ya shafe rani guda a kan haka, janareta tana ƙugi a ƙofar shago, shayi yana hucewa a gefensa. Ya aika wa masu kula da aikin, suka dawo masa da shi wai ya gyara. Ya gyara, suka sake dawowa da shi. Ni kuwa ina ta tafasa. Na ce mutanen da ba su taɓa ganinka ba, ba sa biyanka, su riƙa yi maka jan biro kamar ɗan aji uku? Ya ce ai gaskiya suka faɗa. Wallahi wannan haƙuri nasa ya sha ba ni haushi.

Daga ƙarshe suka karɓa, sunansa ya hau saman wannan sashe a matsayin mai riƙonsa. Shi kuwa ko a jikinsa, bakin kogi ya nufa. Da ya bi sawu sai ya gano cewa in ruwa yana hauhawa da sauri, ɓangaren da ke auna ruwa da ɓangaren da ke aika saƙo kowanne yakan tsaya jiran ɗan'uwansa ya ba shi hanya, su yi ta jira har abada. Ya raba musu gardama. Daminar da ta biyo baya saƙo ya iso, mutane suka kwashe injinan ban ruwa da abin da za su iya girbewa. Wani dattijo daga Guri ya kawo masa bandar kifi cike da kwali, muka ci har muka gaji.

Bai daɗe yana cin moriyar wannan farin ciki ba ƙafafunsa suka fara kumbura. Sauran labarin duk gidan da ciwon nan ya shiga a ƙasar Haɗeja sun san shi: zirga-zirgar Kano wankin ƙoda, sayar da abin da ake da shi, ramewa, da ƙishirwar da ba a yarda ka kashe ba. Ko a gadon asibiti, in wani daga wata ƙasa ya yi tambaya a kan sashensa, sai ya sa a riƙe masa waya ya amsa. Ya rasu 'yarsa Ummi tana aji ɗaya a sakandare. Sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa ba ma kama shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Manoman Guri yanzu bidiyon ruwa suke tura wa juna a waya tun yana nesa. Ciyawar kachala ta cinye hanyoyin ruwan da muka yi wanka a ciki. Turken da ya kafa yana nan, masunta ke ɗaure kwalekwale a jiki, yawancinsu ba su san wanda ya kafa shi ba. Na san halinsa, cewa zai yi alhamdu lillahi tunda saƙo yana isa. Ni ce dai ban iya wannan sakin zuciya ba. Duk baƙon da ya zauna a tabarmata sai ya ji cewa yayana yana da rubutu a cikin injinan duniya, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ummi ta gaji mahaifinta, karatun kwamfuta take ƙarasawa. Da hutun ƙaramar Sallah ta zo, ta gaishe ni, ta daɗe tana murza bakin mayafi, sannan ta buɗe kwamfutarta. Ta ce masu kula da aikin kanel ɗin nan suna da al'ada: ba a ajiye rubutu don tunawa da mai shi. Sashen da ba shi da mai riƙo, ba a kuma san mai amfani da shi ba, sai a yi cigiya a bainar jama'a, in ba wanda ya fito a cire shi. Sababbin manhajojin juya rubutu yanzu da kansu suke rubuta mazaunin alamomin, irin ƙwaƙwalwar akwatinsa kuma an daina ƙera ta. An yi cigiyar sashen Yaya Mamuda. Ta karanta mini inda suka ce sun daɗe ba su ji daga gare shi ba, in yana da ja ya yi magana. Inna lillahi! Ashe shekara tara ba wanda ya gaya musu. Mu mun yi zaman makoki mun tashi, su suna can suna zaton aiki ne ya yi masa yawa.

Na ce mata ai magana ta ƙare, ta fito ta ce ita ce magajiya, ta karɓi riƙo. Ta ce ba a riƙon abin da ba a iya gwadawa, sai da injin irinsa a hannu. Na tashi da ƙarfina na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, domin tun da aka sauke shi daga turke yake wurina. Muka buɗe. Tsatsa ta ci rabinsa, zanzaro ya yi gini a kusurwa. Ummi ta goge, ta hura, ta gwada wannan waya da waccan. Da ta haɗa wuta sai wani ɗan hayaƙi ya tashi da warin ƙonannen roba, shi ke nan. Ta yi cigiya a shagunan gyara na Kano, ta tambayi abokan karatunta, ba a samu ko ɗaya mai rai ba.

Na ce, “To ki sa hannu kawai mana. Wa zai zo Haɗeja ya duba ƙarƙashin gadona?”

Ta ce, “Gwaggo, in na ce na riƙe alhali ban gwada ba, wani zai dogara da shi a bakin nasa kogin.”

Maganarta ta yi mini zafi. Na ɗauke mata wuta. Tana gaishe ni ina amsawa a daƙile, ta kawo abinci in ce na ƙoshi. A raina cewa nake yarinyar nan boko ya busar mata da zuciya, ubanta guda za ta bari a share kamar allon aji.

Ana gobe za ta koma makaranta, da hantsi, ta same ni ina tsince shinkafa a tsakar gida. Ta durƙusa ta ce ko mun so ko mun ƙi, cirewa za a yi, wani baƙo ne zai yi shi cikin ayyukansa na yini, bai san ko wane ne Mamuda ba. Ita so take ta yi da hannunta, ta rubuta musu cewa mai sashen ya rasu, ita 'yarsa ce. Amma kayan mamaci ne, ba za ta taɓa ba sai da izinin babba, ni ce kuma na rage. Sannan ta ce, “Ranar da aka fita da Abba, maza ne suka yi masa komai. Ni da ke muna ɗaki, ko makarar ban gani ba. Wannan kam ki bar ni in kai shi da kaina.”

Na ajiye faifan. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar, layukan da ya shafe rani yana rubutawa duk sun koma ja, alamar abin da za a goge, sunansa a can sama shi ma ja. Ban iya karanta ko ɗaya ba, amma na bi su da ido tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake ba. Ta nuna mini maɓallin aikawa. Na ɗora yatsana a kan nata, muka ce bismillahi, muka danna.

In aka tambaye ni yau me ya rage na Yaya Mamuda, ba zan ƙara cewa yana cikin injinan duniya ba. Ummi ta ce tarihin aikin yana ajiye, mai tonawa zai ga sunansa, amma na san ba mai tonawa. Akwai gidaje a Guri da suka ci shinkafar da ruwa ya so ya ci, ko sun manta dalili. Akwai kuma yarinyar da ta gwammace gwaggonta ta yi fushi da ita da ta sa hannu a kan abin da ba ta gwada ba. Na san wannan ya fi layukan daraja. Amma sanin bai rage mini zafin ba.

Da saƙon ya tafi, kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a ranar da ya rasu. Maƙwabciyata Hajiya Falmata ta jiyo ta katanga, ta shigo da gudu mayafi a hannu, tana tambaya wa aka rasa. Na ce Yaya Mamuda. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi Ummi, ta dubi akwatin mai tsatsa a gefen tabarma. Ba ta ce ai ya daɗe ba. Ta tuɓe takalmanta ta zauna kusa da ni, ta ɗaga hannu ta ce, “Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.”