Yadda Na Koya wa Sambo Ɗaga Ido

Ranar Litinin ta farko bayan an gama yankan hatsi, shekarar da muka shiga aji biyar, sabon malami ya iso lakwal, wato makarantar boko ta ƙauyenmu da ke kan hanyar Mayahi. Ajinmu rumfar kara ce da iyayenmu suka kafa, mu kuwa muna zaune a kan buhunan da muka zo da su daga gida. Mushe Idi (Mushe muke ce wa malamin boko), ɗan birni mai farar riga, ya ɗauki alli ya rubuta dokokinsa a tablo. A wanke ƙafa kafin a shigo. Ba a magana sai an ɗaga yatsa. Ta ƙarshe ya ja mata layi biyu: in yana yi wa yaro magana, yaron ya dube shi cikin ido. "Mai duban ƙasa ko maƙaryaci ne ko ya raina ni," in ji shi.

Mu 'ya'yan cikin gari da kyar muka saba, don a gida ma ba ma haɗa ido da manya. Amma Sambo, abokina da muke zama buhu ɗaya, ya kasa. Ɗan Fulani ne, rugarsu na bayan gonarmu, sai ya kai maruƙa rijiya ya dawo sannan ya rugo lakwal da ƙullin fura a aljihu. Lissafi kuwa kafin Mushe ya ajiye alli ya gama shi a ka. Sai dai in an kira sunansa, ya miƙe ya ba babban yatsan ƙafarsa amsa. Kullum yana durƙushe a gaban tablo, bai taɓa kuka ba. Wata rana Mushe ya rantse cewa in bai gyara ba, ba zai sa sunansa cikin masu zuwa jarrabawar shiga kolej ba.

Ni da karambanina na ce zan gyara shi. In an tashi, sai mu zauna gindin gawon da ke tsakanin gari da ruga, in zama Mushe, in ɗaure fuska in ce, "Dibe ni!" Da fari dariya ke kayar da mu. Daga baya na koya masa dabara, ya riƙa duban tsakanin girar mutum yana ƙirge a zuci. Mun yi wajen wata biyu a haka. Ranar da ya tsaya ya kafa wa Mushe ido ya zubo amsa, Mushe ya sa aka tafa masa, ya ba shi sabon biro. Na koma gida ina tafiyar ƙasaita sai ka ce ni aka ba.

Garin neman gira aka rasa ido. Ran nan Sambo ya manta bai ɗaure wani maraƙi ba, ya tsotse uwar kafin a tatsa. Ubansa ya kira shi gaban baffanninsa yana yi masa faɗa, sabo ya sa yaron ya ɗaga kai ya dube shi ƙur. An ce tsohon ko hannu bai ɗaga masa ba. Washegari ni kaɗai ne a kan buhu.

Da aka yi kwana huɗu, Mushe ya goya ni a mashin don in nuna masa hanyar rugar. Da muka isa, ya tsaya a kan uban Sambo da takalmansa, yana rantsuwa cewa bai taɓa koyar da yaro mai kai irin wannan ba, idonsa cikin idon dattijon, yana zaton girmamawa ce. Tsohon ya duƙar da kai ya ce, "Mun gode, Mushe. Na ba ku yaro da kunyatai, kun maido mini shi babu. Abin da ya rage na riƙe." Sambo na bayan shanu, bai fito ba. A hanyar dawowa na jiƙa wa Mushe bayan farar rigarsa da hawaye. Ban faɗa masa ni ne na koya wa yaron ba.

Yau ni ma malami ne a Tasawa, ajina na siminti, 'yan ajina har gardama suke yi da ni ido cikin ido, ba wanda ya ga laifi. Bara na hango Sambo a kasuwar Mayahi yana riƙe da igiyar wani bijimi, furfura ta fara fito masa. Na kira sunansa na ruga kamar yaro. Ya gane muryata, ya yi murmushi, ya ce, "Sannu, Mushe." Muka gaisa, muka tambayi iyali, na yi ta neman idonsa. Har muka rabu ƙasa yake dubawa.