Kumfar da Ta Ci Farfela

Shekara shida na yi ina kula da jirgin ruwan shaƙatawar kafilina, Balaraben da ya tsaya min nake zaune a ƙasarsu, a gaɓar tekun Abhur. A iƙamata, wato takardar izinin zama, an rubuta lebura, amma ni na san a Bur Sudan na koyi kanikancin injin ruwa, kuma ba a bakin titi na koya ba. Ina da ciwo guda: karance-karance. In na gama wanke jirgi sai in zauna da waya ina bin labarin jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, musamman wani makami da Larabawa ke kira turbid.

Wanda ya ɗauke min hankali shi ne mai roka a gindi. Ruwa yana riƙe duk abin da ke gudu a cikinsa, to shi wannan sai ya riƙa fesa iska ta hanci, ya lulluɓe kansa da kumfa, ya tsere a cikinta ruwa bai taɓa jikinsa ba. Gudu kam ba a magana. Sai dai ƙararsa ta cika teku, kuma juya shi aiki ne. Na so abin nan kamar ni na ƙera shi, ga shi ba ni da wanda zan faɗa wa. Matata in na fara sai ta ce in miƙo mata gishiri.

A lokacin saura wata biyu iƙamata ta mutu, tawa da ta matata da ta 'yarmu duk a wuyan sa hannun mutum ɗaya.

Wata Juma'a bayan la'asar aka ɗaga jirgin daga ruwa, sai ga farfela ta yi rami-rami kamar fuskar mai zanzana. Kafili ya zo da baƙi uku. Ya shafa ƙarfen, ya dube ni.

“Ya Muhandis,” ya ce, wato injiniya, da ba'a yake kirana haka, “da me ka kankare ta? Da gatari?”

Baƙi suka yi dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san mai laifin. Shi ne ke danna wuta gaba ɗaya daga tsaye don ya burge abokai. Na ce, “Ya ammi, wallahi ba kankara ba ce. Kumfa ce. In farfela ta juya fiye da ƙima, ruwa yana yin ƙananan kumfa, su fashe a jikinta, su ci ƙarfen.”

“Kumfa ta ci ƙarfe? Yalla, faɗi wata.”

Nan ya kamata in yi shiru. Amma shekara shida ina jiran a tambaye ni wani abu da ya wuce ina guga. Na ce kumfa ba abin rainawa ba ce, da ita ake harba turbid mai roka daga jirgin ƙarƙashin teku. Na tsuguna na zana shi da yatsa a jiƙaƙƙen siminti, ga hanci, ga inda iska ke fita. Har na nuna wajen tashar jiragen ruwa na ce kafin babban jirgi irin waɗancan ya juya, an gama da shi. Ni da bakina, da hannuna a miƙe.

Da na ɗago ba mai dariya. Ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo da bai ce uffan ba tun zuwansu, ya tambaya a hankali, “A ina ka san wannan?”

“A waya, ya shaikh. Kowa zai iya karantawa.”

Kafili ya sa takalmi ya goge zanen. “Halas,” ya ce, wato shi ke nan.

Ba a kira kowa ba, ba a zage ni ba. Bayan kwana uku direbansa, wani Bahaushe ɗan'uwanmu, ya same ni a unguwar Ruwais yana ta sosa ƙeya. Ya ce maigida ya ce ni mutumin kirki ne, amma ba ya son mai irin wannan sani a ƙarƙashin sunansa. In nemi wani kafilin kafin wata biyu, ko a buga mana hatimin fita daga ƙasar.

Na shiga ɗaki na faɗa wa matata komai, har da zanen. Ina ta huci, ina cewa gaskiyata ce, ko gaban wa za a je kumfa ce ta ci farfelar. Ta bar ni na gama. Tana ninke kayan makarantar 'yarmu, ba ta ko dube ni ba.

“Malam, da ka ce kai ka kankare ta, me zai yi maka?”

Na san amsar.

“Zagi ne kawai,” ta ce.