Awakin Inna da Na Tattaro

A lokacin ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dakoro, sabon shiga albashi, kaina na hayaƙi, ina ganin ba wanda ya kai ni sanin abin da ya dace da mahaifiyata. Tun rasuwar babanmu take zaune ita kaɗai a ƙauyenmu, can wajen Kornaka, cikin ɗakin ƙasa mai yoyo. Wallahi abin kunya yake ba ni. Sai na ƙudura gina mata ɗakin siminti a gidana, ta zo ta huta.

Inna ba ta da wata dukiya sai awaki, su ma ba a gidanta suke ba. Ta rarraba su habbanaye: ta ba mace akuya ta riƙe, in ta haihu 'ya'yan na mai riƙo ne, uwar ta dawo. Ni a ganina asara ce tsagwaronta. Na bi gida-gida ina cewa Inna ce ta aiko ni, na tattaro su har da masu ciki, na sayar, na sayi siminti da kwano. Da ta ji, ko faɗa ba ta yi mini ba. Ta dai tambaya ko na bar akuyar da ke hannun maƙwabciyarta mai marayu. Na ce a'a.

Ashe awakin nan su ne cinta, su ne mutanenta. Albarkacinsu ake aiko mata da nono da damin gero, ba a suna ko aure ba a zo an ɗauke ta ba. Da na ɗauko ta zuwa gidana, ga fanka ga katifa, amma matar da ta saba bayarwa, ko goro sai ta roƙe ni. Ranar kasuwa takan sa a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, ko 'yan garinmu za su biyo. Ba mai biyowa.

Da ta rasu, maƙwabciyar nan ta zo gaisuwa, ta durƙusa gabana tana kuka. Ta ce shekarun nan duka tana laluben laifin da ta yi wa Inna har ta karɓe akuyar da cikinta, kunya ta hana ta zuwa tambaya, ga shi yanzu ta makara. Ta roƙe ni in yafe mata a madadin uwata. Ranar na san Inna ba ta taɓa gaya wa kowa cewa ƙarya na yi da sunanta ba.

Jama'a, kafin ku ɗauko tsoho daga inda ya saba don ku hutar da shi, ku tambaye shi da me yake rayuwa a can. Ni ban tambaya ba. Kuma har yau na kasa buɗe baki in gaya wa matar nan gaskiya.